Sharhi Ko Talla? Abin Da Fitowar NBA 2K26 Ta Koya Wa Masu Alƙalami

Maƙalar wannan makon za ta ɗan kauce wa layin da muka saba bi na gajeren labari da waƙa da ƙa'idojin rubutu, ta leƙa wani fage da yawancinmu ba mu ɗauke shi abin rubutu ba, wato wasannin bidiyo, waɗanda ƙannenmu da 'ya'yanmu suke kira gem.

Ranar 5 ga Satumba, 2025 kamfanin 2K na ƙasar Amurka ya fitar da NBA 2K26, sabon zubi na gem ɗin ƙwallon kwando da yake fitarwa duk shekara. A jikin kwalin akwai hoton Shai Gilgeous-Alexander, ɗan ƙasar Kanada da ya zama gwarzon gasar NBA a kakar da ta ƙare a 2025, ya kuma ɗauki kofi tare da ƙungiyar Oklahoma City Thunder. Akwai wani kwalin mai hoton Angel Reese ta gasar mata, da wani mai hoton tsohon ɗan wasa Carmelo Anthony. Kafin mako ya zagayo intanet ta cika da sharhi, kowa yana yanka wa gem ɗin maki.

Matsayarmu a wannan rubutu ita ce: duk sharhin da ya tsaya a kan kyan hoto da daɗin wasa, bai gaya wa mai karatu nawa zai kashe bayan ya saya ba, bai gaya masa tsawon lokacin da abin zai yi yana aiki ba, bai kuma fayyace wane kwafi yake magana a kai ba, to talla ce aka yi wa kamfani kyauta. Muna kuma ganin wannan cuta ba a wasannin bidiyo kaɗai take ba. Tana nan a yadda muke sharhin littattafai da finafinan junanmu.

Me ya haɗa marubucin Hausa da wannan?

Wani zai ce ai mu mutanen ƙwallon ƙafa ne, a gidajen gem ɗinmu ma ƙwallon ƙafa ake bugawa daga safe har dare. Gaskiya ne. Amma mun zaɓi wannan gem ne saboda ya tara duk tarkon da mai sharhi yake faɗawa a wuri guda. Abu ne mai kyau ƙwarai a ido, masu yin sa sun iya aikinsu, ba shi da kishiya a kasuwa, sannan an gina shi ne ta yadda mai saye zai ci gaba da biya. Wanda ya iya rubuta sharhi na gaskiya a kan irin wannan kaya, ba zai sha wuya ba idan aka miƙa masa littafin aboki aka ce ya faɗi ra'ayinsa.

Sannan akwai masu karatu. Yaron da yake tara kuɗi don ya sayi faifan, da uban da ɗansa ya dame shi da roƙo, da mai gidan gem da yake lissafin ko ya ƙara ƙwallon kwando a cikin hajarsa, duk Hausa suke ji, kuma da wuya su sami wanda ya rubuta musu bayani da harshensu. Lokacin da ya fito, farashin gem ɗin a sababbin na'urori dala 70 ne. A canjin Satumba 2025 wannan ya haura naira dubu ɗari, alhali mafi ƙarancin albashi a Najeriya a lokacin naira 70,000 ne. Wanda zai fitar da fiye da albashin wata guda a kan abin wasa ya cancanci a gaya masa gaskiya tun kafin ya buɗe aljihu.

A fara ba mai haƙƙi haƙƙinsa

Sharhi na gaskiya ba ya nufin sara da suka. Idan muka fara da kushe, mun rufe ido ga abin da ya sa miliyoyin mutane suke sayen wannan gem duk shekara, mai karatu zai gane cewa da wata manufa muka zo.

Kamfanin Visual Concepts ne yake ƙera shi tun daga na farko da ya fito a 1999 a na'urar Dreamcast ta kamfanin Sega, mai hoton Allen Iverson. Fiye da shekara ashirin da biyar ke nan suna abu ɗaya, kuma hannunsu ya faɗa. Ƙwallon kwando wasa ne mai wuyar kwaikwayo. Mutum goma ne a fili ɗan ƙarami, biyar-biyar, jiki yana gugar jiki, kuma a gasar NBA daƙiƙa 24 kacal ƙungiya take da ita ta jefa ƙwallo ko ta rasa ta. Kowane ɗan wasa yana da salon jifansa da salon tafiyarsa da masoya suka haddace. Tun daga zubin 2K24 kamfanin ya shigo da wata fasaha da ya kira ProPLAY, wadda take ɗauko motsin 'yan wasa kai tsaye daga bidiyon wasannin gaske. A da sai an kawo mutum ɗakin ɗaukar hoto, an manna masa na'urori a jiki, ya kwaikwayi motsin. Wannan ne ya sa mai kallo yake iya gane Stephen Curry ko Kevin Durant daga yadda suka ɗaga hannu, tun kafin ya ga lambar riga.

Akwai kuma ɓangaren da mu masu son labari ya kamata ya burge mu. Tun daga 2K23 aka shigo da tsarin da zai ba ka damar riƙe ƙungiya daga wani zamani da ya wuce: zamanin Magic Johnson da Larry Bird daga 1983, zamanin Michael Jordan daga 1991, zamanin Kobe Bryant daga 2002, daga baya aka ƙara na LeBron James da na Curry. Riguna da dokoki da yanayin hoton talabijin duk suna komawa irin na lokacin. Wanda ya fara daga 1983 zai riski zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, shekarar da Houston Rockets ta ɗauki Hakeem Olajuwon haifaffen Legas a matsayi na ɗaya, Jordan ya zo na uku. A gem ɗin kana iya juya wannan tarihi ka ga abin da zai biyo baya. Wannan ƙagaggen labari ne da mai wasa yake rubutawa da hannunsa, kuma ba a neman ƙarin ko sisi kafin a more shi.

Haka nan gasar mata ta WNBA, wadda aka fara sakawa a 2K20, tana ƙara samun wuri, har a 2K26 an shigar da 'yan wasanta cikin ɓangaren tara katuna. Duk wannan ya cancanci yabo, kuma mai sharhi ya faɗe shi da cikakken baki.

Kasuwar da babu kishiya

Daga nan ne aikin yake fara nauyi. Tambayar farko da mai sharhi zai yi wa kansa ita ce: da me nake auna wannan abu? Ba a cewa tuwo ya yi daɗi sai an taɓa cin wani.

A da akwai abin awo. Kamfanin EA yana da nasa gem ɗin mai suna NBA Live, kuma shekaru da dama su biyun suna goga kafaɗa. A 2004 an sayar da zubin 2K na wannan shekarar a kan dala 20 kacal, don a janye masu saye daga hannun EA. A 2010 EA ta yi yunƙurin sabunta nata gem ɗin da sunan NBA Elite 11, sai samfurin gwaji da ta saki ya fito da kurakurai, har bidiyon wani ɗan wasa da ya sandare a tsakiyar fili da hannuwa a buɗe ya zagaye duniya. Aka soke fitar da shi. A shekarar ce kuma 2K ta fito da 2K11 mai hoton Jordan, wanda har yau ake lissafa shi cikin mafi kyau. EA ta dawo daga baya amma ba ta sake miƙewa ba. NBA Live 19 da ya fito a 2018 shi ne na ƙarshe a manyan na'urori.

Tun daga lokacin 2K take cin karenta babu babbaka. A 2020 tana cikin kamfanonin farko da suka ɗaga farashin gem daga dala 60 zuwa 70 a sababbin na'urori. A shekarar ce kuma masu wasa suka wayi gari da tallar da ba a iya tsallakewa a cikin gem ɗin da suka riga suka biya kuɗinsa, sai da aka yi ta ƙorafi kafin kamfanin ya ce zai gyara.

Abin da wannan yake nufi ga mai sharhi shi ne, idan ya rubuta cewa wannan shi ne gem ɗin ƙwallon kwando mafi kyau a kasuwa, bai faɗi komai ba, don shi kaɗai ne a rumfar. Abin awon da ya rage shi ne zubin bara. Tambayar da mai karatu yake son a amsa masa ita ce: ni da nake da 2K25, me zan samu a 2K26 da ya kai dala 70? Idan amsar ita ce sababbin sunaye a ƙungiyoyi, da gyaran yadda ake jifa, da ƙarin santsi a motsi, to a faɗa haka, a bar shi ya yanke hukunci.

Kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali ba

Ɓangaren da ya fi jan matasa shi ne MyCareer, inda mutum zai ƙirƙiri ɗan wasansa, ya ba shi suna da tsayi da kama, ya raine shi har ya zama tauraro, ya kuma fita da shi wani gari na intanet ya kara da sauran mutane. Ana auna ƙarfin ɗan wasa da maki har zuwa 99, sabon ɗan wasa kuma daga 60 yake farawa. A wannan mataki ba ya iya jifa, ba ya iya gudu, ba ya iya tare kowa. Kafin ya ƙaru sai an zuba masa wani kuɗin cikin gem da ake kira VC.

Hanya biyu ce ake samun VC. Ko dai ka yi ta buga wasa kana tara ɗan abin da ake ba ka, wanda zai ci maka sa'o'i masu yawa da ɗan wasan da ba ya tsinana komai, ko ka sa katin banki ka saya. An daɗe ana sayar da VC 75,000 a kan dala 20, da 200,000 a kan dala 50. Da wannan kuɗin dai ake sayen riga da takalmi da salon motsi. Idan kuma ka gane cewa ka yi kuskure wajen tsara ɗan wasanka, ka ce za ka sake wani, daga 60 za ka sake farawa. A ranar farko da gem ya fito za ka tarar da waɗanda suka biya sun riga sun yi nisa, musamman a 2K26 da masu sayen kwafi mai tsada suka sami damar shiga mako guda kafin kowa. Babu mai son ɗaukar ɗan maki 60 a ƙungiyarsa. Tun daga 2K24 kuma an ƙara wani tikitin kaka da ake biya duk bayan mako shida ga mai son ƙarin kyaututtuka.

Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Uwar kamfanin, Take-Two Interactive, tana bayyana wa masu hannun jarinta cewa mafi yawan kuɗin da take samu a duk wasanninta daga irin wannan kashe-kashen bayan saye yake fitowa. Ke nan faifan ƙofar shiga ce kawai, kasuwar tana ciki. Mai sharhin da ya buga gem ɗin kwana uku ya yaba hasken fili da muryar masu gabatarwa, ya ambaci VC a layi ɗaya can ƙasa, ya bar mai karatunsa ya yi cinikin biri a sama.

Sai ɓangaren MyTeam, inda ake haɗa ƙungiya da katunan 'yan wasa. Hanya ɗaya ta samun katunan ita ce sayen ƙunshi a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe, ko ka dace da tauraro ko ka tashi da tarkace. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan ƙunshe-ƙunshen sa'a da ake saya da kuɗi caca ne, dole 2K ta rufe sayen su da kuɗin gaske a ƙasar. A 2019 kamfanin ya saki tallar 2K20 mai ɗauke da injin juya lambobi irin na gidan caca, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ba sai mun tsaya yi wa mai karatun Hausa dogon bayani a kan matsayin caca a wurinsa ba. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu sanar da uban da zai saya wa ɗansa cewa akwai wannan a ciki, ko da an rubuta a kwalin cewa gem ɗin ya dace da kowa.

Wane kwafi, kuma har zuwa yaushe?

Akwai abubuwa uku da mai sharhi a Amurka ko Ingila zai iya tsallakewa ba tare da ya cuci kowa ba, amma mu idan muka tsallake mun ci amana.

Na farko, sunan ɗaya ne amma kayan biyu ne. Gem ɗin da ake sayarwa na PlayStation 5 da Xbox Series daban yake da wanda ake sayarwa na PlayStation 4 da Xbox One. Fasahar ProPLAY da tsarin komawa zamanin baya duk a sababbin na'urori suke. Kusan duk sharhin da za ka karanta a intanet a kan sabuwar na'ura aka yi shi, alhali tsohuwar ce ta fi yawa a hannun mutanenmu. Wanda ya fassaro sharhin waje ya liƙa mana, ya yabi abin da mai saye ba zai gani a akwatinsa ba. Masu kwamfuta sun ɗanɗani wannan: shekaru huɗu ana ba su tsohon zubi, sai a 2K25 aka daidaita su da sababbin na'urori.

Na biyu, nauyi. A sababbin na'urori gem ɗin yana cin gigabait masu yawan gaske, ga sabuntawa da ake turowa a kai a kai. Duk wanda yake sayen data da kuɗinsa ya san abin da wannan yake nufi. Wasan intanet ɗin kuma ya dogara ne ga sakin maɓalli a daidai wani ɗan ƙiftawar ido. Idan layinka yana jan ƙafa, ko uwar na'urar da kake haɗuwa da ita tana wata nahiya, jifanka zai riƙa makara, ka yi ta zubar da ƙwallo ba da laifinka ba.

Na uku, wa'adi. Kamfanin yana rufe hidimar intanet ta kowane zubi bayan shekara biyu da 'yan watanni. An rufe ta 2K23 a ranar ƙarshe ta 2024. Da zarar an rufe, garin intanet ya tafi, katunan MyTeam sun tafi, VC ɗin da ya rage ya tafi, kuma ba a ɗaukar ɗan wasan da aka raina a kai shi sabon zubi. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu fiye da ko'ina, domin mu mun fi sayen tsohon faifai na hannu. Mai sayen 2K23 a yau rabin gem ya saya, ko mai shago ya gaya masa ko bai gaya masa ba.

Abin da masu kare kamfanin za su ce

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Za su ce babu wanda aka tilasta wa sayen VC. Haka ne, kuma wanda zai zauna da abokinsa a ɗaki, kowa da hannun gem ɗinsa, su zaɓi Lakers da Celtics, ba zai kashe ƙarin kobo ba. Amma idan mai shago ya tsara rumfarsa ta yadda wanda bai ƙara kuɗi ba zai tsaya a rana, ba za mu ce bai yi komai ba don bai ɗaga sanda ba. Jinkirin da ke cikin hanyar kyauta da gangan aka saka shi, don a nan cinikin yake.

Za su ce ƙera irin wannan gem yana cin kuɗi. Wannan ma gaskiya ne. Rahotanni a 2019 sun nuna cewa yarjejeniyar amfani da sunan NBA da 'yan wasanta na shekara bakwai ta kai kimanin dala biliyan ɗaya da miliyan ɗari. Ɗaruruwan ma'aikata ne suke aikin, kuma shekara ɗaya kacal suke da ita. Mai sharhi zai iya faɗin wannan don mai karatu ya fahimci dalili. Sai dai lissafin ribar kamfani aikin akantocinsa ne. Mai sharhi wakilin mai saye ne.

Za su kuma ce miliyoyi suna saye duk shekara, ke nan sun gamsu. Yawan masu saye a kasuwar da babu zaɓi ba shaidar gamsuwa ba ne. Mai son ƙwallon kwando da abokansa duk suka koma sabon zubi, ina zai je?

Akwai kuma matsalar da ta shafi masu sharhin kansu. Da yawa kamfani ne yake ba su kwafi kyauta, wani lokaci mai tsadar da ya zo da VC a ciki, don haka ba su taɓa ɗanɗana wahalar ɗan maki 60 ba. Wasu masu bidiyo a YouTube abincinsu gaba ɗaya ya rataya ne a kan wannan gem. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba ma cewa kada a karɓi kyauta, amma a faɗa a farkon rubutu cewa an karɓa. Sannan sharhin makon farko na wucin gadi ne, domin kamfanin yakan sauya yadda jifa da tsaro suke aiki bayan fitowa. Gem ɗin Satumba ba lallai ya zama shi ne na Disamba ba, don haka mai sharhi ya rubuta ranar da ya gwada.

Da wace Hausa za mu rubuta?

Nan ne muke ganin babbar dama ga masu tasowa. Masu sharhin ƙwallon ƙafa a rediyo sun yi mana aikin da muke mora ba tare da mun lura ba. Satar gida, bugun kusurwa, bugun tazara, bugun daga kai sai mai tsaron gida, duk wani ne ya zauna ya ƙirƙira, kunne ya karɓa. Ƙwallon kwando ba ta sami wannan gatan ba tukuna, duk da cewa ana buga ta a makarantu da filayenmu.

Hanyar da muke ba da shawara ita ce a kalli abin da yake faruwa a fili, a faɗe shi yadda mai kallo zai faɗa wa na kusa da shi. Jifa daga bayan layin nesa, jifa mai maki uku ne. Wanda ya yi tsalle ya cusa ƙwallo da hannunsa, ya danƙara ta a kwando. Ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo wani ya cafe, ya tsinci ragowa ko ya cafe dawowa, duk wanda kunne ya fi so. Jifan da ake ba wanda aka yi wa ƙeta, jifan kyauta. Dogon da ya tsaya ya tare wa abokinsa mai tsaro, ya yi masa katanga. Ba dole duka su zauna ba. Amma gara mu gwada a yi mana gyara da mu cika shafi da Turanci, mu sa masa "ya yi" da "ta yi" a tsakani mu ce mun rubuta Hausa. Sunayen kaya kamar MyCareer da VC a bar su yadda suke, don da su mai saye zai gan su a allo, sai a bayyana ma'anarsu sau ɗaya a wuce.

Hukuncinmu

Da za a ce mu taƙaita wa mai tambaya, ga abin da za mu ce. Wanda yake da sabuwar na'ura, yake son ƙwallon kwando, kuma bai sayi zubin shekara biyu da suka wuce ba, zai sami wasa mai kyau da zai daɗe yana mora, musamman a ɓangaren riƙe ƙungiya da karawa da aboki a ɗaki. Ko shi ma ya yi haƙuri 'yan watanni, domin farashin wannan gem yakan faɗo sosai kafin kaka ta ƙare. Mai PlayStation 4 da yake da na bara ko na bara waccan, ya riƙe kuɗinsa. Mai gidan gem, tsohon faifai ya ishe shi, tunda wasan mutum biyu ba ya buƙatar intanet. Wanda kuma burinsa shi ne ya raini ɗan wasa ya fita da shi duniya, ya sani cewa dala 70 kafin alƙalami ne, ya duba ƙarfin layinsa, ya kuma san cewa abin da ya gina yana da ranar rushewa. Uba kuma kada ya bar katin bankinsa a jikin na'urar.

Ku lura cewa ba mu ba da maki ba. Takwas cikin goma ga wa? Ga ɗan Amurka mai intanet ba iyaka, ko ga ɗalibin da ya yi wata biyar yana tari? Sharhi mai amfani yana raba masu karatu gida-gida, ya gaya wa kowa abin da ya shafe shi.

Yanzu mu dawo gida. Sau nawa aka saki sabon littafi a cikinmu, abin da ya biyo baya bai wuce "Allah ya ƙara basira" da "alƙalaminki ya fi takobi" ba? Addu'a abu ce mai kyau, amma ba ta gaya wa mai karatu ko littafin ya kai kuɗin da ake nema. Tambayoyin da muka yi wa NBA 2K26 su ne dai za mu yi wa littafin da ake sakin shafukan farko kyauta, sai labari ya ɗauko daɗi a ce a biya, a biya kuma a tarar an ja shi zuwa littafi na uku. Me ya bambanta shi da wanda marubucin ya fitar bara? Nawa ne kuɗinsa daga farko har ƙarshe? Wa zai ji daɗinsa, wa zai yi da-na-sani? Mai sharhin abokin marubucin ne, ko kyauta aka ba shi? Ina aka yi ƙoƙarin da ya cancanci a yaba da hujja?

Aikin wannan makon ga mai sha'awa: a ɗauki abu ɗaya da aka saya da kuɗin aljihu, gem ne, littafi ne, fim ne ko manhajar waya, a rubuta masa sharhin da bai wuce kalma ɗari biyar ba. A faɗi abin da ya yi kyau da misali, a faɗi cikakken kuɗinsa, a faɗi wanda bai kamata ya saya ba. Za mu zaɓi uku mu tattauna a kansu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.